Yadda Apakuki Ya Mai da 'Ya'yanmu Kwamfuta

Ranar da Apakuki ya dawo daga Ostareliya, tun jirgin ruwa bai gama tsayawa ba muka fara jin muryarsa. Duk garinmu Naivakula da ke bakin teku mun san tsinkar lemo ya je yi, don ni da kaina na raka shi gaɓa ranar tafiya, da takalminsa na roba da hular shiga rana. Amma sai ga shi ya sauko da baƙin tabarau da wani kati rataye a wuya, yana gaya wa duk wanda ya kama masa jaka cewa kwamfutocin wani babban kamfani ba sa barci sai ya ba su izini.

Taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka bakina a buɗe yake a kansa.

"Taubashi, lemon ne ya koya maka kwamfuta, ko kwamfutar ce ta koya maka tsinkar lemo?"

"Salanieta, ke dai riƙe ludayinki. Akwai ilimin da ba ya shiga kicin."

Ni ce mai dafa wa 'yan makarantarmu abincin rana, tagar kicin kuwa tana kallon aji takwas, don haka duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

A zangon nan ne ofishin ilimi ya aiko mana da kwamfutoci sababbi cikin kwalayensu, amma da sharaɗi. A ƙarshen zango jami'i zai zo ya ga abin da yara suka koya na rubuta wa kwamfuta umarni. In ya gamsu, sun zama namu. In bai gamsu ba, a kwashe su a kai wa makarantar Dakuniwai da ke hayin ruwa, mutanen da tun da suka ci mu a wasan ƙwallon zari-ruga suke gaishe mu suna danne dariya. 'Yata Litiana tana ajin, kuma ba ta wuce ofishin Hedimasta Unaisi ba tare da ta leƙa kwalayen nan ba. Ta ce min in ta iya, za ta shirya wa masuntanmu abin da zai riƙa gaya musu lokacin cikar teku da janyewarsa a wayarsu. Matsalar ita ce ba mu da malami.

A taron iyaye Apakuki ya miƙe, ya gyara tabarau, ya ce kunya ce a ce yana raye a nemi malami daga waje. Dagacinmu Ratu Manasa, wanda ya samu tsarabar rediyo daga wurinsa, ya gyaɗa kai. Na ɗaga hannu zan yi magana, matar da ke kusa da ni ta ja min zane ta ce in bar ɗan'uwana ya ci arziki.

Ranar farko ya shigo aji da kwalin biskit a hannu. Litiana ta sunkuyar da kai ta ce, "Kawu, yau za a buɗe kwamfutocin?"

"Buɗewa? 'Yar nan, a Ostareliya ba a barin yaro ya taɓa kwamfuta sai ya san halinta. Kwamfuta doluwa ce mai biyayya. Abin da ka ce shi take yi, ba ƙari ba ragi. Yau ni ne kwamfutar, ku ba ni umarni."

Ya kifa kwalin biskit ɗin a kansa ya tsaya ƙiƙam. Yara suka yi ta kallon juna. Daga ƙarshe Sekope, mafi tsayi a ajin, ya yi ta maza.

"Malam, don Allah, in ba damuwa, ko za a ɗan yi gaba?"

"Ba a roƙon kwamfuta! Ba ta san don Allah ba. Daka mata tsawa!"

"A yi gaba," in ji Sekope.

Apakuki ya yi gaba. Ya wuce allo, ya wuce ƙofa, ya hau baranda, yana ɗaga ƙafa kamar soja. A nan garin kuwa an taɓa jin yaro ya ce wa babba "tsaya"? Yara suka biyo shi a baya shiru, hannuwa a baki. Ni ina da damar yin magana, amma rogo na kan wuta, kuma gaskiya ina son in ga ƙarshen abin. Barandar ta ƙare, shi bai ƙare ba. Sai ji muka yi caɓal, ya faɗa cikin taɓon gonar gwazar makaranta, ƙafafu a sama, kwali na nan daram a kansa.

Na leƙo ta taga na ce, "Taubashi, kwamfutar Ostareliya tana jure ruwa?"

Ya cire kwalin ya tofar da laka. "Kun gani? Darasin ke nan. Da gangan na yi. Kuskuren mai ba da umarni ne, ba na kwamfuta ba."

Washegari ya canza salo. Ya ce tunda yaran garin nan ba su iya ba da umarni ba, su za su zama kwamfutocin. Kuma ba a aji kawai ba, har gida. Duk abin da babba ya ce, a yi shi daidai yadda ya fito daga bakinsa, kada a cike masa abin da ya manta.

Kafin mako ya zagayo garin ya rikice. Kawu Ilaitia masunci ya ce wa ɗansa Sekope ya ɗaura wa kwalekwale igiya. Yaro ya ɗaura ta da kyau a goshin kwalekwale, ya bar ɗaya bakin a kan yashi, don ba a ce ya ɗaure shi a jikin bishiya ba. Da yamma mutanen Dakuniwai suka jawo mana kwalekwalen har gida, suna tambaya ko mun fara rabon kyauta ne. Gwaggo Mereoni ta ce wa jikanta ya riƙa tura ice a murhu, ta tafi coci gwajin waƙa, ta dawo ta tarar rogo ya zama gawayi, yaro na nan yana tura ice. Ni ma ban tsira ba. Na ce wa Litiana ta kankare min kwakwa, na dawo daga rafi na tarar ta kankare duk kwakwar gidan, har wadda na ware wa Fasto.

"Mama, ba ki ce guda nawa ba."

"Hankalinki fa? Shi ma sai na ce ki ɗauko shi?"

"Kawu ya ce kwamfuta ba ta da shi."

Muka ɗunguma gidan Apakuki. Kawu Ilaitia na gaba da igiyarsa a hannu.

"Kai Apakuki, ɗa na kawo makaranta a ƙara masa wayo, ka zare masa wanda yake da shi!"

"Baba, ai ci gaba ke nan. Yaron bai yi kuskure ba. Umarninka ne bai cika ba."

"Zan cika maka shi a gadon baya yanzu."

Gwaggo Mereoni ta ɗaga tukunyarta da ta ƙone ta ce, "Ga tsarabar Ostareliya, zo ka ci." Apakuki ya leƙa cikin tukunyar, ya ce irin wannan ƙorafin ya sha jin sa daga manyan injiniyoyi, kuma duk daga baya sun dawo sun gode masa.

Hedimasta Unaisi mace ce mai haƙuri, amma ita ma da ta ga zango ya raba tsakiya ta kira shi ƙofar ofis.

"Malam Apakuki, kwalayen nan har yau a rufe suke."

"Hedimasta, iskar teku gishiri ce zalla. Buɗewa ɗaya, tsatsa ta shiga ƙwaƙwalwar. Ki bar su su saba da yanayinmu tukuna."

"Jami'in zai so ya ga yara a gaban na'ura."

"Na'ura kowace makaranta tana da ita. Ni kwamfuta mai rai zan nuna masa. Ranar da ya ga abin da na shirya, ba waɗannan kaɗai ba, har na Dakuniwai sai ya kwaso ya ƙaro mana."

Shirin nasa shi ne yaran aji takwas su tarbi jami'in da yangona, abin shan nan na garin saiwa da muke tarbar manyan baƙi da shi, amma a matsayin kwamfuta. Sekope ya dama a akushi, wani yaro mai suna Waisale ya kai ƙoƙo, Litiana ta zauna gefe tana kiran umarnin da ya haddatar da ita. Umarnin kuwa uku ne kacal, kuma ya yi ta faɗarsu a bakin hanya har kajin garin sun haddace. In ƙoƙo babu komai, a cika. In an cika, a miƙa wa wanda ke kan tabarmar baƙo. In akushi ya yi ƙasa, a sake damawa. Ranar da ya fara faɗarsu na ga Litiana ta buɗe baki, ta dubi Sekope, ta mayar ta rufe.

Da ruwa zalla suke gwaji, kuma ƙararrawar cin abinci ce take tashinsu. Wannan ya ɓata masa rai.

"Wa ya ce ku tsaya? Kwamfuta tana jin ƙararrawa? Tana jin yunwa?"

Daga nan ya shiga ɗana musu tarko. Wata rana ya sa Hedimasta ta leƙo ta ce ya isa, suka tsaya, ya tura su cire ciyawa. Wata rana ya ruga da gudu yana ihun gobara, suka watse, ya ƙara musu ciyawa. Wata rana shi da kansa ya ce, "Ku tsaya, na rantse wannan ba tarko ba ne," suka tsaya, ashe tarkon ne, suka yini a rana. Daga nan ya ja musu kunne: ko Hedimasta, ko Ratu, ko shi kansa, duk wanda ya ce a tsaya ranar baƙo jarrabawa ce. Filin makarantarmu bai taɓa yin tsabta irin ta zangon nan ba.

Jami'in da aka turo sunansa Mista Onisimo, siriri, mai sanyin murya, daga ganinsa ka san ya samu tarbiyyar gida. Teku ta wahalar da shi a hanya, ko karyawa bai yi ba. Muka rataya masa furanni, muka zaunar da shi a kan sabuwar tabarma a babban ɗakin taro, gari ya cika har baranda. Har 'yan Dakuniwai sun zo, wai taya mu murna.

Apakuki ya yi jawabi mai tsawo a kan kansa, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, yau za ka ga abin da ko a Sidni ta Ostareliya ba su kai ga yin sa ba." Ya tafa hannu, aiki ya fara.

Gaskiya ƙoƙon farko ya yi kyau. Waisale ya durƙusa, baƙo ya tafa sau ɗaya, ya karɓa, ya shanye a kurɓi guda kamar yadda ake yi, ya tafa sau uku. Ai ba a rage yangonar tarba, wanda ya rage ya raina gari ne gaba ɗaya. Kowa ya jira a wuce da ƙoƙo wurin Ratu. Sai Litiana ta ce, idonta a ƙasa, "Ƙoƙo babu komai. A cika."

Aka cika, aka miƙa wa baƙo. Ya ɗan yi murmushi, ya ɗauka karramawa ce, ya shanye.

"Ƙoƙo babu komai. A cika."

Ratu ya riga ya miƙo hannu, ya mayar ya sosa gwiwa. Baƙo ya shanye. Aka cika. Ya shanye. Wanda ya san yangona ya san yadda take yi, harshe take fara kashewa, sannan ta sauka ƙafafu. Ga shi kuma muddin ana wannan tarba ba mai miƙewa, ba mai magana, sai mai damawa ya tafa ya ce an gama. Mai damawa kuwa Sekope ne, Sekope kuwa yau kwamfuta ne. Akushi ya yi ƙasa, muka yi ajiyar zuciya, sai muka ga ya jawo wani ƙunshin garin yangona daga bayansa. Apakuki ya sayo na wata guda don kada a ce ya yi rowa.

Mista Onisimo ya raɗa wa Waisale, "Ɗan kaɗan, ɗana, rabi." Waisale ya kawo shi cike har yana zuba. Bawan Allah ya dubi ƙoƙo, ya dubi jama'a, tarbiyya ta hana shi ragewa, ya rufe ido ya shanye.

Hedimasta ce ta fara karya al'ada. "Sekope, ya isa haka." Ko gezau. Ratu ya yi gyaran murya irin wadda take tsayar da faɗan maza a garin nan. Waisale ya wuce ta gabansa da ƙoƙo kamar bai ji ba. 'Yan Dakuniwai suka fara tura fuska cikin riga.

Apakuki ya cire tabarau. "To, madalla, an gani. Ku tsaya."

Yaran suka dubi juna, suka ɗan yi murmushi, aka cika.

"Na ce ku tsaya! Na rantse wannan ba tarko ba ne!"

"Haka ka ce ranar nan, Malam," in ji Sekope a hankali, yana tace gari.

Na kasa daurewa. "Taubashi, cire mata waya mana! Ko ba haka kuke yi a kamfanin ba?"

"Yi min shiru, Salanieta!"

Baƙon ne ya ceci kansa. Ashe duk wahalar nan kunnensa na kan abin da Litiana take kira. Miƙewa ta gagare shi, sai ya dafa hannu biyu a baya, ya ja gindi a hankali har ya sauka daga tabarmar ya koma kan dandamali. Waisale ya iso da ƙoƙo, ya durƙusa gaban tabarma babu kowa, ya tsaya cak.

Mista Onisimo ya nuna tabarmar, harshensa ya yi nauyi kamar mai tauna ɗanyen gwaza. "Malam, zo ka zauna. Mai aiki ya kamata ya ɗanɗana aikinsa."

"Ranka ya daɗe, ni ai ba baƙo ba ne."

"Zauna," in ji Ratu.

Ya zauna. Ƙoƙo ya iso, ya shanye, aka cika. Jami'in ya ce wa yaran ya ba malaminsu dama ya ƙara umarni, duk abin da ya ƙara su bi, amma kalmar "tsaya" tsurarta ba a karɓa, sai ya gyara shirin daga inda ya lalace.

Apakuki ya goge baki. "Abu mai sauƙi. A rage sauri!"

Waisale ya riƙa tafiya a hankali kamar mai rakiyar amarya, amma ƙoƙon ya iso. Ya shanye.

"A canza ƙoƙo!"

Aka canza. Babu wani a kusa sai na Ratu, wanda ya ninka na farko. Kawu Ilaitia ya faɗi gefe yana riƙe ciki. Gwaggo Mereoni ta ce, "Sha, ɗana, umarninka ne bai cika ba."

Da Apakuki ya fara kallon rufin ɗaki yana kiran sunan mahaifiyarsa, jami'in ya juya wurin yaran. "Wa ya san abin da ya ɓace?"

Ya dubi Litiana. Ta yi ta murza gefen tabarma, sannan ta ce, "Ba a gaya mana yaushe za a daina ba."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da ya faɗa. Duk ajin mun sani."

"Me ya hana ku gaya masa?"

Ta dube shi da mamaki, kamar ya tambaye ta me ya hana ta taka kan Ratu. "Kawu ne fa."

"To, yau na ba ki izini. Gyara."

"In wanda ke kan tabarma ya sha ɗaya, a wuce wa na gaba. In kowa ya sha, a tafa a tashi."

Ƙoƙo ya je wurin Ratu, ya zagaya dattawa, Sekope ya tafa, aka gama. Na ji wani daɗi ya cika min ƙirji, har na manta da kwakwar da ta ƙarar min. Na ce a raina shi ke nan, kwamfutoci sun zauna.

Sai jami'in ya ce to, yanzu a nuna masa abin da suka rubuta a kan na'urar. Hedimasta ta sunkuyar da kai, ta sa aka kama shi aka kai shi ofis. Ya ga kwalaye jere, ko salatif ɗin da aka liƙe su da shi ba a ɓanɓare ba. Ya daɗe yana kallonsu. Ya ce yaran nan suna da kai, abin ya ba shi tausayi ƙwarai, amma ba zai koma ya ce ya ga abin da bai gani ba, Dakuniwai kuwa suna da malamar da take jira.

Yaranmu ne suka ɗauki kwalayen a ka zuwa gaɓa, 'yan Dakuniwai na karɓa a cikin jirgi, wannan karon ko dariyar ba su yi ba. Apakuki kuwa ƙafafunsa sun ƙi aiki, aka ɗora shi a baron kwasar kwakwa, aka ce ni ce 'yar'uwarsa, ni zan tura. Hanyar gidansu ta bakin ruwa take bi. Yana kwance, hannuwa na reto, bakin bai mutu ba.

"Kin dai gani, taubashi. Tun da aka fara ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. Ko a Sidni sai an nema."

Ni idona na kan Litiana. Ita ce ta ƙarshe, ta tsaya cikin ruwa iya gwiwa rungume da kwalinta, ta ƙi miƙawa. Ta juyo ta ce, "Mama, kwamfutocin nan wane launi ne ma?"

Kafin in buɗe baki, Apakuki ya ɗago kai daga cikin baro.

"Baƙaƙe ne. Irinsu na yi ta aiki da su, da ido rufe nake kwance su in ɗaura."

Mista Onisimo ya ji. Ya ciro makullinsa daga aljihu, ya miƙo hannu daga cikin jirgi ya tsaga salatif ɗin kwalin, ya ɗaga mata murfin. Ta leƙa, ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa ɗaya ta shafa. Sannan ta rufe da kanta ta miƙa musu.

"Farare ne, Kawu," ta ce.

Daidai wurin gaɓar tana da gangara. Na juya baron ya fuskanci teku, na sake shi.